Ƙwallon Dabino Ɗaya Ya Kusa Sa Ni Jefar Da Injin Shara

 

Na san wasu za su ga kan wannan rubutu su ce, a wannan marra da buhun shinkafa ke neman gagarar mai iyali, shi wannan bawan Allah ya rasa abin magana sai injin shara. Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. Injin shara ne abin ya faɗa wa a gidana, amma maganar ta shafi duk wanda ya taɓa zare kuɗinsa ya sayi na'ura, ko firji, ko injin wanki, ko na markaɗe, ta tsaya masa rana tsaka, aka dube shi aka ce, "Ta mutu, sai dai sabuwa."

Mahaifiyata tana zaune tare da mu. Ciwon baya da na gwiwa sun matsa mata, likita ya hana ta yawan sunkuyo. Amma duk wanda ya san iyayenmu ya san ba za su ga tsinke a tsakar ɗaki su ɗauke kai ba. Ni ina kasuwa, maiɗakina tana koyarwa, yara suna makaranta. Sai mu dawo mu tarar Hajiya ta share falo tas, daren nan kuma ba ita ba barci. Mun yi magana har mun gaji. Daga ƙarshe ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka sayo injin sharar nan mai yawo da kansa, wanda yake kamar faifai, yana bin lungu-lungu yana zuƙe ƙura. Namu irin wanda yake da masauki ne: in ya gama aiki sai ya koma can ya yi caji, masaukin kuma ya zuƙe sharar da ke cikinsa ya zuba a wata jaka. Ba sai wani ya sunkuya ba. Da farko Hajiya ta kira shi "wannan kunkurun," tana hararar sa. Bayan mako biyu ita ce ke tambaya ko an kunna shi.

Bayan ƙaramar Sallah sai abu ya sauya. Injin zai yi shara, ya koma masauki, masaukin ya yi ƙara kamar kullum, amma in ka buɗe cikin injin sai ka ga sharar tana nan ba ta motsa ba. Fitila ta koma ja, manhajar waya tana cewa jaka ta cika. Na sa sabuwar jaka, bai sauya zani ba. Na ɗauki masaukin na kai wa wani mai gyara. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya jona, ya saurara, ya kaɗa kai ya ce injin zuƙar ya mutu, sai dai a yi odar sabon masauki, kuɗin kuma da ya faɗa ya kusa rabin abin da muka sayi kayan gaba ɗaya. Na dawo gida ina tunanin in ba 'yan gwangwan shi in huta.

Yaron maƙwabcinmu ne, wanda ke koyon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, ya ce, "Baba, a ba ni in duba." Ya zare wayar wuta, ya kifa masaukin, ya kwance ƙusoshin wani murfin roba da ke ƙasansa. A daidai kwanar bututu sai ga ƙwallon dabino ya gitta, gashi da zare sun naɗe shi, ga guntun ledar ruwa ya lulluɓe sauran hanyar. Ragowar buɗa-bakin azumi. Minti goma bai cika ba ya mayar da murfin, aka jona, sai muka ji shara ta wuce fuu. Hausawa sun yi gaskiya, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kayan lantarki da yawa da muke jefarwa ba mutuwa suka yi ba. Rashin sanin yadda suke aiki ne, da rashin karanta abin da aka rubuta a jikinsu, da ƙarancin masu gyara masu haƙuri da tsoron Allah. Dukkan ukun kuma muna da abin yi a kansu, mu a matsayinmu na al'umma.

Yadda masaukin yake aiki

Ba sihiri a ciki. Shi kansa injin mai yawo ya daɗe, kamfanin iRobot na Amurka ya fito da Roomba tun 2002. Masauki mai kwashe shara da kansa kuwa ya yaɗu ne bayan 2018, lokacin da kamfanin ya fito da samfurin i7+, daga nan kamfanonin Sin irin su Roborock da Ecovacs da Dreame suka cika kasuwa da nasu. Sunaye sun bambanta, amma dabarar kusan ɗaya ce.

In injin ya gama shara, yana gano masaukinsa ta wani haske da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. Ya hau, ƙarafan cajinsa su taɓa na masaukin. Daga nan su fahimci juna cewa ya zauna daidai. A cikin masaukin akwai wani babban injin zuƙa, wanda ya fi na cikin ɗan yawon ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ne yake tashi da ƙara na 'yan daƙiƙoƙi. Ƙarfin zuƙarsa yana buɗe wata 'yar ƙofar roba a jikin akwatin sharar injin, ya jawo sharar ta bututu, ya zuba a jaka, iska kuma ta fita ta filta.

Ke nan abubuwa biyar ake bukata kafin shara ta wuce: wuta isasshiya, injin ya zauna daidai, masaukin ya tabbatar akwai jaka kuma murfi a rufe yake, hanya ta zama a buɗe, sannan kada iska ta riƙa sulalewa ta wani gefe. Ɗaya ya samu matsala, aiki ya tsaya. Abin da ya yaudare ni kuwa shi ne, masaukin ba shi da idon da zai leƙa cikin jaka. Yanayin wucewar iska yake aunawa. In iska ta kasa wucewa sai ya ce jaka ta cika, ko da kuwa toshewa ce a bututu. Shi ya sa na ɓata sabuwar jaka a banza.

Ka fara da kunnenka

Kafin ka nemi mai gyara, ka tsaya ka saurara, domin ƙarar masaukin tana faɗa maka inda ciwon yake.

In injin ya koma ya zauna amma masaukin shiru, ko tari bai yi ba, to matsalar ba ta toshewa ba ce. Duba wuta tukuna: soket ɗin yana aiki? Wayar ta shiga sosai ta bayan masaukin? Fulogin mai baki uku irin namu yana da fis a cikinsa, kuma fis yana ƙonewa. In wuta lafiya, duba murfin sama ko ya rufu har ya yi ƙas, sannan ka zare jakar ka sake zura kwalinta har ƙasa, domin akwai ɗan makunni da ke jin shigarta. In bai ji ba, injin zuƙa ba zai tashi ba. Bayan haka ka samu busasshen ƙyalle ka goge ƙarafan caji na ɓangarorin biyu, da baƙar tagar nan mai sheƙi da ke gaban masaukin. Ƙurar hunturu takan lulluɓe su har su daina ganin juna. A ƙarshe ka shiga manhaja. Akwai wurin da ake hana shi ƙara da dare, akwai kuma wurin da ake kashe kwashewar gaba ɗaya. Yara masu taɓa waya sun sha kashe wannan ba tare da kowa ya sani ba.

In kuwa yana ƙara amma shara ba ta tafiya, kamar nawa, to ko hanya ta toshe ko iska tana zurarewa. Ƙara mai tsini, kamar wanda aka shaƙe, alamar toshewa ce. Zare wayar wuta daga bango, wannan wajibi ne kafin ka taɓa komai. Ciro akwatin sharar injin, ka tura 'yar ƙofar robar da yatsa ka ga ko tana buɗewa tana komawa. Leƙa ramin da ke kan dandamalin masaukin da fitilar waya. Kifa masaukin, yawancinsu suna da murfin bututu a ƙasa da aka yi shi musamman don a kwance a cire abin da ya maƙale. A gidajenmu abin da ake samu ba ya wuce ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, tsinken tsintsiya, gashin kitso, zare, murfin biro, da guntun leda. Ga kuma wata matsala ta nan Kudu: danshi. Ƙura in ta haɗu da laima sai ta dunƙule kamar taɓo ta manne a bututu, musamman ga masu injin da ke haɗa shara da goge-goge. In ba ka ga toshewa ba, duba robar da ke kewaye da bakin ramin, ko ta yage ko ta goce, ka kuma tabbatar masaukin yana kan tayil ko siminti mai daidaito, jingine da bango. A kan kafet mai laushi injin yakan karkace, bakin biyu su ƙi haɗuwa.

Filta ma tana da nata. In ta cika da ƙura, a kakkaɓe ta. In irin wadda ake wankewa ce, a bar ta ta bushe kwana guda cur kafin a mayar.

In ya tashi ya mutu nan take, ko fitilun gida suka yi ƙasa lokacin da ya tashi, ka tuhumi wutar gidanka. In kuma ka ji ƙauri, kada ka sake gwadawa ko sau ɗaya. Zare wuta. Wannan shi ne kaɗai matakin da zan ce lallai sai ƙwararre.

Ka juya shi ka karanta bayansa

Nan ne inda aka fi tafka asara, kuma ita ce asarar da ta fi sauƙin kaucewa. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Ta Amurka da Kanada bolt 120. Mun saba da cajar waya da ta kwamfuta, waɗanda aka rubuta musu 100 zuwa 240, kana jonawa ko'ina su yi aiki. Sai muka ɗauka kowace na'ura haka take. Masauki mai kwashe shara ba haka yake ba. Saboda babban injin zuƙar da ke cikinsa, akasari ana yin sa ne don wutar ƙasa guda. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka, in ka jona shi kai tsaye a soket ɗinmu, ka ba shi kusan ninki biyu na abin da zai iya ɗauka.

Na ga wannan da idona a gidan wani abokin kasuwancina. Ɗansa da ke karatu a Amurka ya aiko wa mahaifiyarsa da injin, sabo fil a kwalinsa. Aka ga bakin fulogin bai dace da soket ba, aka aiki yaro ya sayo adafta. Ita adafta siffar baki kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Aka jona, aka ji fat, ƙauri ya tashi. Kyautar da ta ƙetaro teku ba ta yi aikin kwana ɗaya ba. Da an juya shi an karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasansa, da an ga 120 ɓaro-ɓaro. Irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ba ƙarama ba, sai wadda ƙarfinta ya zarce abin da masaukin ke ja.

Wannan ya kawo mu ga lamba ta biyu da ke jikin takardar, wato wat. Shi ɗan yawon ba ya cin wuta, batirinsa ƙarami ne, cajinsa bai taka kara ya karya ba. Amma masaukin, a cikin 'yan daƙiƙoƙin da yake zuƙa, da yawansu suna jan wat 1,000 ko kusa da haka. Ƙaramin janareton nan da muke kunnawa don fitila da fanka bai kai wannan ƙarfin ba. Haka ma ƙaramar inbata da ke ɗauke da talabijin da firji. Sai ka ga da wutar gari masaukin yana aiki, da janareto kuma ya tashi ya mutu, mai gida ya ce an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ne, an ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Mafita ita ce a shiga manhaja a kashe kwashewa ta kai tsaye, a riƙa danna ta da hannu in wuta mai ƙarfi ta zo. Kuma tunda mun san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, a sa masa abin kariya ko sitabilaiza mai isasshen ƙarfi. Rigakafi ya fi magani.

Laifin ba namu kaɗai ba ne

Kada a ce na ɗora komai a kan mai saye. Su ma masu ƙera kayan nan suna da rabonsu. Ba a yi su da tunanin gidan da wuta ke zuwa tana tafiya ba, ko gidan da ake cin abinci a ƙasa kan tabarma, ko garin da ƙura ke sauka wata uku a jere. Jakar da masaukin ke amfani da ita ta zubarwa ce, kowane kamfani kuma da irin bakin jakarsa, ta wannan ba ta shiga ta wancan. Ke nan ka sayi na'ura sau ɗaya, amma ka ɗaura wa kanka sayen jaka da filta da buroshi muddin tana raye. Wasu ayyukan kuma sun dogara da manhaja da intanet, manhajar kuwa tana hannun kamfani. Kamfanin Neato, wanda ya yi suna a wannan fanni, an rufe shi a 2023. Wanda ya sayi kayan kamfanin da ya rufe, wa zai kama?

A wasu ƙasashen an fara ɗaukar mataki. Faransa ta fara tilasta manna wa wasu na'urori makin sauƙin gyara tun 2021, daga baya aka saka injinan shara a jerin, don mai saye ya gani tun a shago. Tarayyar Turai kuma ta amince da dokar haƙƙin gyara a 2024, wadda ta ɗora wa kamfanoni alhakin gyara wasu kayayyaki, ciki har da injinan shara, da samar da kayan gyaransu. Mu ma nan ba a bar mu haka ba. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, da hukumar FCCPC da ke kula da ita, kuma dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Amma da wace hujja za ka je? Mu nawa ne muke karɓar rasit in mun yi sayayya a Alaba? Mu nawa ne muke tambayar garanti a rubuce? Sai mu ce ai mutunci ne tsakaninmu. Ranar da kaya ya lalace kuma mutuncin ya bi ruwa.

Ga masu cewa tsintsiya ta isa

Na san wannan magana, kuma ban raina ta ba. Tsintsiya ba ta neman wuta, ba ta neman jaka, ba ta da manhaja, in ta ƙare da 'yan canji ka sayi wata. Ga mai ɗaki ɗaya, mai lafiya, mai yara da za su taya shi, wallahi ban ga dalilin sayen wannan inji ba. Zan ma ƙara da cewa, ko ga wanda ke bukatar injin, masauki mai kwashewa ba dole ba ne. Irin wanda caji kawai masaukinsa ke yi ya fi araha, ba ya cin wuta, yawanci yana karɓar wutar kowace ƙasa, kuma zazzage akwatinsa da hannu bai kai minti ɗaya ba. Da na san abin da na sani yau, da wataƙila shi zan saya, in ɗora wa babban ɗana aikin zazzagewa.

Amma kada mu mayar da komai abin ba'a. Akwai tsohuwa irin Hajiya. Akwai mai jego da aka yi wa aiki. Akwai mai asma da ƙurar tsintsiya ke tayar masa da ciwo. Akwai gidan da miji da mata duk suna fita tun asuba saboda cunkoson Legas. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: a gidaje da yawa, abin da ke maye gurbin irin wannan na'ura shi ne yarinya ƙarama da aka ɗauko daga ƙauye, tana shara lokacin da sa'o'inta ke aji. In inji zai yi sharar ita ta tafi makaranta, ni ina tare da inji. Wata rana injin markaɗe ma kayan gidan masu hali ne, yau ga shi a kowace unguwa yana ciyar da iyalai.

Tambayar da ta dame ni ba ta saye ko ƙin saye ba ce. Kayan nan sun riga sun shigo gidajenmu, kuma za su ci gaba da shigowa. In sun tsaya, ina za su? Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafa shi yadda ya dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mu ba sai an ba mu labari ba. Su wa ke tura baro suna bin unguwannin Legas suna sayen wannan tarkace? Su wa ke fasa shi da guduma, suna ƙona waya don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin? Da yawansu 'ya'yanmu ne da ƙannenmu da suka zo ci-rani. A cikin ɗan yawon nan akwai batirin litiyam, wanda in aka huda shi ko ya ji wuta yana iya kamawa da gobara. Ke nan duk na'urar da muka jefar alhali tana gyaruwa, mun yi asarar kuɗi, sannan mun tura haɗarinta hannun ɗan uwanmu.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Yaron da ya gyara mini masauki bai taɓa ganin cikin irinsa ba sai ranar. Abin da ya bambanta shi da mai gyaran farko shi ne ya yarda ya kwance ya duba. Muna da irinsa da yawa. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Center a Kano ya san yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, sun iya kwance waya su sauya abin da ido da ƙyar yake gani. Wanda ya iya wannan, bututu da fis ba za su gagare shi ba.

Don haka ina ba shugabanninmu shawara uku. Na farko, a tattara sunayen masu gyaran da 'yan ƙungiya suka gwada suka ga amanarsu, kowa da fanninsa, a ajiye a ofishi, duk mai bukata ya tambaya. Mai gyaran da ya san sunansa yana hannun jama'a zai yi tunani sau biyu kafin ya kashe na'urar da ke da rai. Na biyu, in za a ɗauki nauyin koya wa matasa sana'a, kada a tsaya kan ɗinki da tuƙi kaɗai. A tura wasu su koyi gyaran kayan lantarkin gida na zamani, domin kasuwa ce da ke girma kuma masu yin ta kaɗan ne. Yaron da ke fasa na'ura don ya sayar da ƙarfenta a kilo, in ya iya tayar da ita, abin da zai samu ya ninka, lafiyarsa kuma ta tsira. Na uku, masu irin waɗannan injina su san juna, a riƙa haɗa odar jaka da filta lokaci guda, kuɗin jigila ya ragu. Tsintsiya ma da maɗaurinta take shara.

Ga ɗaiɗaikunmu kuwa, kafin ka biya kuɗin kowace na'ura, ka yi tambaya huɗu. Wace wuta take karɓa? Wat nawa take ja, kuma gidana zai iya ɗauka? Ina ake samun kayan gyaranta a garin nan? In ta tsaya, wa zai duba ta? In mai shago ya kasa amsa biyu daga ciki, ka riƙe kuɗinka. Matambayi ba ya ɓata. Kuma in kana da ɗa ko ƙane a waje da ke son aiko wa gida da tsaraba, ka gaya masa tun kafin ya saya cewa wutarmu 230 ce. Kayan Ingila da na yawancin ƙasashen Turai da na Dubai sun dace da ita, na Amurka sai an duba.

Mu a gidanmu yanzu mun kafa doka. Kafin a kunna inji, yara su zagaya su tsince duk abin da ya fi ƙwayar wake girma. Duk Asabar a goge ƙarafan caji, a kakkaɓe filta, a yanke gashin da ya naɗe buroshi. Ƙwallon dabinon nan kuwa Hajiya ta ce kada a yar, yana nan a kan talabijin. Duk baƙon da ya tambaya sai ta ba shi labarin yadda ya kusa cinye wa 'ya'yanta kuɗi.

Shi kuma yaron, na ba shi abin da ya sauƙaƙa, ya ƙi karɓa sai da mahaifinsa ya sa baki. Tun daga ranar mutum uku na tura wurinsa.

Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan matsala, ko yake da wata dabara da ban ambata ba, ya taimaka ya faɗa, wani zai amfana. Allah Ya sa wa dukiyarmu albarka, Ya tsare mu daga asara, Ya ba iyayenmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a.